Ɗamarar Maijego

Ɗigo ɗaya ne ya fara sauka a kan aljihun farar rigar, daidai ƙasan tambarin makarantar da keken surfani ya gama zanawa. Maijego ta sa yatsa ta danne wurin da sauri. Kafin ta ɗaga hannu wani ɗigon ya biyo baya. Ta duba gaban rigarta, ta ga ya jiƙe sharkaf.

"Me nake gani haka?" in ji Inna, surukarta, daga teburin da take kafa kwala. Ta taso ta fizge farar rigar, ta ɗaga ta wajen haske. "Nono fa maiƙo gare shi. Da dutsen guga ya hau kai, shi ke nan, ya zauna daram. Ɗan wa za a ba riga da taswira a ƙirji?"

"Inna, cika ya yi. Tun safe jaririyar ba ta sha ba. Da za a bar ni in je gida in dawo..."

"Ki je ina? Wutar lantarkin da muka wuni muna jira, yanzu ta zo, ke kuma ki kama hanya?"

Maijego ta kalli mijinta. Tela yana tsaye a teburin yanka, kansa a sunkuye, almakashinsa na cin yadi ƙaras-ƙaras. Bai ɗago ba.

Shagon na iyali ne. Tela ke yanka, Inna ke kafa kwala da ƙugu, ita kuma Maijego ita kaɗai ta iya keken surfani tun da ma'aikacin da ke kansa ya bar aiki. Wata babbar makaranta ta ba su ɗinkin kayan ɗalibanta gaba ɗaya, hutu kuma ya kusa ƙarewa. Cibiyar jaririyarta ba ta daɗe da faɗuwa ba aka ce ta daure ta fito, na ɗan lokaci ne. Da ta ce to za ta zo da yarinyar, Inna ta ce ƙurar yadi za ta shiga ƙirjinta, ga zafin guga, ga ƙarar keke. Aka bar 'Yar Maɓalli a gida wurin Yaya, yayar Tela, da fida, kwalbar shayar da jarirai, da madarar gwangwani. Tela ne ya laƙaba wa yarinyar wannan suna, wai hancinta kamar maɓallin hannun riga.

Inna ta zare tef ɗin awo daga wuyanta. "Tashi. Ɗaga hannuwanki."

Ta zagaya tef ɗin a ƙirjin Maijego, ta duba, ta rage daga abin da ya nuna. Ta jawo ragowar kakin da ake yin wando, ta ninka shi, ta sa masa ƙyallen nan mai tauri da ake sakawa cikin kwala, ta jera masa ƙugiyoyin ƙugun wando a baya. Inna gwana ce, ko maƙiyinta ya san haka. Ɗinkin ya fita tsaf, babu zare ko ɗaya da ya karkace.

A bayan labulen gwada kaya ta ɗaura mata. Da ƙugiyar ƙarshe ta shiga, sai da numfashin Maijego ya tsaya.

"Inna, ya matse da yawa."

"Abin da ake so ke nan. Bakin famfo ake ɗaurewa in ana son ruwa ya tsaya. Koma bakin aikinki."

Ruwan kuwa ya tsaya. Ranar ba a ƙara ɓata riga ko ɗaya ba, har Inna ta ce da ta san haka da tun farko ta ɗinka.

Da yamma, a cikin bas, kowane rami da taya ta faɗa sai Maijego ta ji shi a hammatarta. Tana isa gida ta haye bene ba ta ko cire takalmi ba. Ta tarar da Yaya a falo tana kallo, 'Yar Maɓalli na kwance a cinyarta tana barci, cikinta tim, fida a gefe babu ko ɗigo.

"Yaya, ai na roƙe ki kada a ba ta gab da dawowata."

"To in bar ta ta shiɗe? Kuka take kamar ana yanka ta, har maƙwabta suka leƙo. Ke kina can kina shan fanka."

Maijego ta ɗauki 'yarta ta shiga ɗaki. Ta sha wahala kafin ta ɓalle ƙugiyoyin, don a baya suke. Da ɗamarar ta saki, ba ta gane jikinta ba. Nonon ya yi tam, yana sheƙi, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, kan nonon ya shafe ya koma ciki. Ta tashi yarinyar da ƙyar, ta kai mata. 'Yar Maɓalli ta buɗe baki ta lalubo, bakin ya zame. Ta sake, ya sake zamewa, kamar mai son cizon bango. Sai ta banƙare ta tsala ihu.

Yaya ta turo ƙofa. "Kin gani ko? Kin tashe ta a banza. Kawo ta nan. Zo, 'yar gidan Gwaggo, zo, an ba ki dutse wai ki sha."

Ta yi dariya, ta fita da ita. Inna ta yanke hukunci daga falo cewa yarinyar ta riƙa kwana wurin Yaya, don Maijego ta samu barci, idonta ya ga zare da safe.

Ba wai Maijego ba ta san abin yi ba ne. Ranar da za a sallame ta daga asibiti, nas ta zaunar da su, su masu sabuwar haihuwa, ta faɗa musu dalla-dalla. In nono ya cika, maganinsa bakin jariri, a ba shi a kai a kai. In ya yi tauri har yaro ya kasa kamawa, a ɗan tatse kaɗan da hannu sai kan ya yi laushi. Bayan ya sha, a ɗora tsumma mai sanyi. Kada a ɗaure, kada a murza da ƙarfi. In wuri ya yi ja ko zazzaɓi ya zo, a dawo asibiti. Duk ta riƙe, har tana maimaitawa a ranta kamar karatun jarrabawa.

Washegari a shago, da wuta ta ɗauke, ta ɗauki kofi ta shige bayan labule. Ta samu ta ɓalle ƙugiya biyu, ta fara matsawa a hankali, tana cije leɓe. Ɗigo ya fara fita, ɗaya bayan ɗaya, tana jin wani ɗan sauƙi na tasowa daga can ciki. Sai fanka ta motsa.

"An kawo! An kawo!" Inna ta yaye labulen. Ta ga kofin, ta riƙe haɓa. "Au, tatsa kike? Ke ba ki san nono rijiya ba ne? Kina yasa, yana ƙara kawowa. Juyo in mayar miki."

"Nas ta ce kada a ɗaure, Inna."

"Nas 'ya'ya nawa ta haifa? Ni da na raini mijinki da yayarsa a gindin keken nan, wata nas ce ta koya mini? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Maijego ta so ta ce, ke ai da su kika zo gindin keken, a bayanki suke, suna jin yunwa kina juyo da su. Maganar ta zo har bakinta, ta haɗiye. Ta juya baya, aka mayar da ƙugiyoyin.

Haka kwanakin suka riƙa tafiya, kowace rana ta fi ta jiya nauyi. In akwai wuta ba ta da ikon tashi daga keke. In babu wuta, a ce ta yanke zaren da ya yi saura a bayan tambari, ko ta jera aljihuna, ai ba a zo shago don zama ba. Da safe kafin su fita takan gwada ba yarinyar, amma 'Yar Maɓalli ta saba da fida mai zubowa ba wahala, da ta ji tauri sai ta kau da kai. Tela kuma yana bakin ƙofa yana kaɗa makulli, wai bas zai cika. Ta jiƙa tsumma ta sa a firij, ta dawo ta tarar Yaya ta goge tebur da shi.

Ba ta iya zama wuri ɗaya. A kan kujerar keke sai ta karkata hagu, ta karkata dama, ta miƙe, ta koma. Ba ta iya sauke hannun dama ya taɓa jikinta, sai ta riƙa riƙe shi a sama kamar fiffiken kazar da aka jefa. Ƙarar keken da ta saba da ita tun tana budurwa, yanzu kowace saukar allura sai ta ji kamar a ƙirjinta take sauka.

Wata safiya ta tare mijinta a matattakalar bene, inda babu mai jin su.

"Baban 'Yar Maɓalli, don Allah ka duba ni. Nonon dama ya yi ja, akwai wani ƙullutu a ciki. Ka ce wa Inna a bar ni in zauna gida ko na yini ɗaya ne, ko a bar ni in tafi da yarinyar. Zan sa ta a kwali can bayan labule, in rufe ta."

Ya sosa ƙeya. "Ni fa wannan maganar mata ce. Me na sani a ciki? Inna ta fi ni sani, ta fi ki."

"Jikina ne fa."

"Na sani. Kina gani ni ma bayana kamar zai ɓalle, amma na ce uffan? In muka saɓa wa makarantar nan, sun tafi ke nan, kuma gobe 'yar taki ce za ta ci gajiyar shagon. Saura kaɗan. Ki yi haƙuri." Ya laluba aljihu ya miƙo mata ƙwayar ciwon kai. "Sha wannan. Da mun kai kaya ni da kaina zan kai ki asibiti."

Ta karɓa. Me za ta yi in ba ta karɓa ba?

Zazzaɓin ya zo mata ne da rana tsaka, shago ya ɗauki zafi kamar tanda, ita kuma haƙoranta na haɗuwa. Ta jawo wani yadi ta yafa. Idonta ya riƙa ganin tambari biyu a inda ɗaya yake. Ta ɗora aljihu a juye, keken ya zana littafin da ke jikin tambarin a kife.

Inna ta ɗaga aljihun tana nuna wa Tela. "Ka ga aikin matarka. Makarantar 'yan juye-juye za mu kai wa?" Ta taɓa goshin Maijego, ta janye hannu da sauri, amma bakinta bai canza ba. "Zazzaɓin nono ne, kowace mace ta yi shi. Alamar ya kusa haƙura ne ya kwanta. Ɗamarar ce ma ta saki, bari in matsar da ƙugiya."

Ta kuwa matsar. Ta kwance mata ita, ta zauna ta warware ɗinkin, ta sake kafa ƙugiyoyin can ciki, da kulawa, har tana gyara tabarau, sannan ta mayar mata.

Ana cikin haka wata mata ta shigo karɓar ɗinki, da jariri a kafaɗarta. Tana tsaye tana jiran a naɗe mata kaya, jaririn ya farka ya fara kuka, irin siririn kukan nan na sababbin haihuwa. Matar ta ja kujera ta zauna, ta rufa mayafi, ta ba shi. Kukan ya yanke. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar haɗiyarsa, ƙwat, ƙwat.

Jikin Maijego ya amsa kukan tun kafin ta ankara. Nonon ya taso gaba ɗaya, ya tarar da ƙofa a rufe. Wani zafi ya soke ta daga ƙirji har cikin kunne. Ta dafe teburin keke da hannu biyu. Matar ta dube ta, ta dubi yadin da ta yafa a cikin wannan zafi.

"Baiwar Allah, lafiya kuwa? Ina naki jaririn? Na ga kamar jego kike."

"Yana gida wurin gwaggonsa, cikin gata," Inna ta amsa mata. "Ga kayanki."

Maijego ta miƙe. Keken na tsakiyar zana tambari, ba ta kashe shi ba. Ta nufi teburin yanka, ta ɗauki babban almakashin Tela daga gabansa, ta shige bayan labule. Ba ta nemi ƙugiya ba. Ta cusa bakin almakashin ta ƙasan ɗamarar, ta gaba, ta danna. Kaki ne ninki biyu da ƙyallen kwala a ciki, sai da ta sa hannu biyu. Da ya rabu, ta ji kamar an sauke mata buhu, sannan zafin ya dawo ninki.

Ta fito da ɗamarar a hannu, gaban rigarta na jiƙewa a gefen hagu. Gefen dama ko ɗigo.

"Ke! Akwai wuta fa!" in ji Inna.

"Ina za ki?" in ji Tela. Yau ya ɗago kai.

Ta ajiye masa almakashinsa, ta fita.

A gida ta tarar Yaya na girgiza fida. Ta sunkuya ta ɗauki 'yarta daga kan kujera.

"Yanzu zan ba ta, ba ki ga na haɗa ba? Wai me ya dawo da ke war haka? Inna ta sani?"

"Ki sha abinki, Yaya," in ji Maijego, ta sauka bene tana bin bango, ta nufi asibiti.

Nas ɗin da ta karɓe ta ba wadda ta sallame ta ba ce, wata ce babba, mai furfura a gaban goshi. Maijego ta tsaya tana jin nauyin buɗe jiki, nas ta ce, "Haba 'yata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Da Maijego ta buɗe, nas ta duba. Ta bi sawun da ɗamarar ta bari a fata da yatsa, layi ja ya zagaye jiki kamar an zana da alli. Ta karɓi kakin ta juya shi.

"Wa ya ɗinka wannan?"

"Surukata."

"Ta iya ɗinki," in ji nas, ta jefa shi kan tebur.

Na dama ya riga ya tara ruwa, sai da likita ya tsaga aka fitar. Maijego ba ta yi kuka ba sai da ta ji 'Yar Maɓalli na kuka a hannun wata ma'aikaciya a waje. Da aka gama aka naɗe, aka kwantar da ita, nas ta zo ta zauna a bakin gado. Ta nuna mata yadda za ta jera yatsu kewaye da kan nonon hagu, ta danna a hankali ta riƙe, har wurin ya yi laushi. Suka tatse kaɗan. Aka kawo yarinyar.

'Yar Maɓalli ta kau da kai. Aka sake kai mata, ta ture da ɗan hannunta, tana neman robar da ta sani.

"Ta manta ni," in ji Maijego.

"Ba ta manta ba, fushi take. Kwantar da ita a ƙirjinki, fata da fata. Kada ki yi sauri, nan babu mai jiran ki."

Nas ta ɗiga nonon a leɓen yarinyar. Ta lashe. Ta yamutsa fuska kamar tsohuwar da aka ba canjin da bai cika ba. Ta sake lashewa. Sannan ta wage baki ta kama, ta ja, ta tsaya, ta sake ja. Maijego ta ji abin da ya daskare a ƙirjinta ya fara tafiya. Ta rufe ido, hawaye na gangarowa cikin kunnenta, tana sauraren ƙwat, ƙwat.

Da la'asar suka iso su uku, da lemo a leda. Inna ce a gaba. Ta ga bandejin, ta tafa hannu tana salati.

"Yarinyar nan akwai zurfin ciki! Abu ya kai haka, ba za ki buɗe baki ki faɗa ba?"

"Wallahi kullum sai na ce mata ta riƙa ba yarinyar nono," in ji Yaya, tana kallon nas.

Tela ya tsaya a ƙarshen gado yana murza makulli. "Da kin gaya mini abin ya yi tsanani haka..."

Maijego ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta faɗa a gaban keke, ta faɗa a bayan labule, ta faɗa a falo, ta faɗa a matattakalar bene. Ɗigo biyu a kan rigar ɗan wani sun tayar da Inna daga kujera, sun sa an zare tef an yi awo a take. Ita kuwa da take ta faɗa da bakinta, babu wanda ya ajiye almakashi. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma mata biyu ne a gidan, ɗaya ta ɗinka ɗamarar, ɗaya ta girgiza fida. Kuma babu mugu a cikinsu, in ka tambaye su. Kowa da hujjarsa, kowa don alherin gida yake yi.

"Na faɗa," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba.

Inna ta gyara mayafi, ta juya wajen nas, ta sassauta murya.

"To 'yar nan, yaushe za a sallame ta? Ba don komai ba, 'yan aljihuna ne suka rage, ba su da yawa. A zaune ma za ta yi."

Nas ta buɗe baki, amma Maijego ta riga ta. Ta miƙa hannun hagu ta ɗauko kakin da ke kan tebur, ta ajiye shi a gefen ledar lemon.

"Ga ɗamararki, Inna. Ƙugiyoyin suna nan lafiya, za su yi wando."

'Yar Maɓalli ta motsa, ta fara lalube. Maijego ta juya musu baya, ta gyara mata kwanciya, ta ba ta.